Sankarau ya tafi da kunnena ɗaya, karatun likita ya tsaya, na koma labo

Ni haifaffen Tawa ne, kuma gidanmu irin gidajen Adar ne da kowa ya sani: uba na Abijan wajen nema, uwa na gida da yara, kuɗi kuwa sai ranar da suka zo. Baba yakan sauka gab da damina, ya yi noma, in an ɗaure gero ya koma. Inna na tuyar ƙosai a ƙofar gida da safe. Cikin ƴaƴanta ni ne lakkol ta fi karɓa, shi ya sa tun ina firamare aka yanke mini hukunci a unguwa cewa likita zan zama. Da wasa aka fara maganar, amma kafin in ci birbe, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ta zama alkawari. Duk wanda ya ba ni kuɗin littafi, da wannan niyyar yake bayarwa.

Na ci bak D, jarrabawar gama sakandare ta fannin kimiyya, a 2014, na hau mota zuwa Yamai ta Tsarnawa da Ƙonni da Dogondutsi da Doso, tafiyar da ta fi kilomita 500. Na samu shiga sashen kimiyyar lafiya na Jami'ar Abdou Moumouni, can Harobanda, hayin kogi. Shekarar farko ta karatun likita ba ta da sauƙi ko ga mai cikakkiyar lafiya. Anatomi, biyoshimi, biyofizik da ilimin ƙwayar halitta duk a tare suke zuwa, ga ɗalibai da yawa a babban zaure ɗaya, mai son kujerar gaba sai ya yi asubanci. Ban ji komai ba, na saba da wahala tun daga gida.

A watan Afrilu na 2015 sankarau ya shiga Yamai da ƙarfi. Wanda ke garin a lokacin zai tuna: zafi, ƙura, an rufe makarantu na ƴan kwanaki, iyaye na zagayen farmasi suna neman allurar rigakafi. Ni hankalina kwance yake, don an yi mini rigakafin sankarau a babban kamfen ɗin da aka yi ƴan shekaru kafin nan. Ashe waccan allurar, MenAfriVac, nau'in A kaɗai take karewa, wannan annoba kuwa nau'in C ne ya kawo ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 8,500 da ake zaton sun kamu a Nijar daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni na shekarar, 573 suka rasu.

Ciwon kai ya fara mini da la'asar. Kafin isha'i ga zazzaɓi ga amai, wuyana ya sandare ban iya kai haɓa ƙirji, hasken fitila na sukar idona. Abokin ɗakina, wani ɗan Madawa, bai jira safiya ba, ya nemo taksi. Allah ya saka masa, domin wannan ciwo yana iya kashe mutum cikin kwana guda. A asibiti aka kwantar da ni ta gefe, gwiwa a ƙirji, aka soka allura a ƙasan gadon baya, daidai inda laka ta riga ta ƙare, aka ɗebi ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Na mai lafiya garau yake fita. Nawa, in ji abokina, ya fito kamar ƙasari. Aka sa ni a allurar seftiriyakzon, ɗaya kullum har kwana biyar, yadda ake yi lokacin annoba.

Na tashi, amma kunnen dama bai tashi ba. Babu abin da nake ji da shi sai ƙugi, na hagu ma ya ragu kaɗan. Likitan kunne ya yi mini gwajin ji, ya gaya mini gaskiya: kumburin ya shiga can cikin kunne ya lalata sashen da ke karɓar sauti, kuma abin da ya mutu a nan ba ya dawowa. Cikin mutum biyar da suka tsira daga wannan ciwo, kusan ɗaya yakan fita da wani tabo, ko kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin gaɓa. Nawa ke nan.

Jarrabawar shekarar ta wuce ni ina jinya. Na maimaita aji. A nan na gane abin da mai kunne biyu ba ya lura da shi: mai kunne ɗaya ba ya sanin daga ina murya ta fito, kuma da zarar akwai hayaniya, muryar da yake son ji sai ta narke cikin sauran. A ɗaki mu biyu ina jin komai. A babban zaure kuwa, da fanka na juyawa, da lasifika mai amsa kuwwa, da ɗaruruwan mutane na motsi, sai in ga bakin malami na motsi kawai. In dawo ɗaki da ciwon kai, in kwafi littafin wani har tsakar dare. Ƙarshen shekara sunana bai fito ba, zama na biyu ma haka. Tallafin karatun da nake samu ya tsaya.

Ba faɗuwar ce ta fi yi mini ciwo ba, tunanin Tawa ne. Na daina ɗaukar waya in na ga lambar Abijan. Na koma kwana a gidan kawuna, ƙanen Inna, mai sayar da kayan gini a kasuwar Katako. Shi ne ya zaunar da ni wata rana bayan magariba, ya ce: "Kai yaro, mutanen da aka kwantar tare da kai, nawa aka fitar a makara? Ubanka ɗa ya aiko Yamai, ba takarda ba. Ka nemo abin da za ka iya, ni zan yi magana da shi." Ban ce komai ba, sai hawaye.

Hanyar ta buɗe ne ta wurin wani dattijo ma'aikacin labo, wato ɗakin gwaje-gwajen asibiti, Ba'are, abokin kawu a masallaci. Ya ce in same shi wurin aiki. Ya ɗauko wani gilashi daga akwatin da yake koyar da ɗalibai, ya ɗiga mai, ya saita mikroskop, ya ce: "Ɗana, zo ka ga irin abin da ya kwantar da kai." Na leƙa. Fararen ƙwayoyin jini cike da fili, cikinsu da gefensu ga wasu ƴan ƙwayoyi ja-ja, bibbiyu manne da juna. Na daɗe ban ɗago ba. Ya ce mini likita na iya zato, amma wanda ke zaune kan wannan kujera shi ke cewa ga abin da ke ciki, kuma aikin ido da hannu yake nema, da mutumin da ba zai rubuta abin da bai gani ba. Na ce: "Baba, shekara nawa ake yi?" Ya ce uku.

Ga wanda ke inda nake a lokacin, bari in shimfiɗa hanyoyin, don yawancinmu mun taso ba mu san komai a asibiti ba sai likita da mai allura. Mai birbe na iya karatun ma'aikacin lafiya na matakin farko, ASB. Mai bak na iya lisans ta shekara uku a aikin jinya, ko unguwarzoma, ko gwaje-gwajen labo, ko hoton ciki da na ƙashi, ko gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ko ilimin abinci mai gina jiki, ko tsafta da muhalli. Akwai kuma masu sa barci a ɗakin tiyata da mataimakan masu fiɗa. Makarantun gwamnati akwai makarantar ma'aikatan lafiya ta ƙasa, ENSP Damouré Zika, a Yamai da takwararta a Damagaram, akwai cibiyar karatun lafiyar jama'a ta ISP, sannan jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram duk suna da sashen kimiyyar lafiya. Masu zaman kansu kuwa sun yi yawa, kuma a nan ne ake buƙatar buɗe ido.

Kafin kawu ya biya ko dala, dattijon nan ya sa na zagaya da tambayoyi. Makarantar na da izinin hukuma a kan wannan fannin kansa, ba izinin buɗe makaranta kawai ba? Ɗalibanta na zama jarrabawar bai ɗaya ta ƙasa da ake ba da takardar shaida da ita? Mikroskop nawa ke aiki, ba nawa ke jere a kabad ba? Da waɗanne asibitoci suke da yarjejeniyar sitaj, wato koyon aiki a asibiti? Ya ce kada in tsaya ofis, in tari ƴan shekara ta uku a bakin mai shayi in tambaye su sau nawa suka ɗebi jini da hannunsu. Na ga makarantar da ginin ta ya fi kowace kyau, ɗakin gwajinta kuwa a kulle, an ce mai makulli ya fita. Ban koma ba. Na zaɓi wata mai ƙananan azuzuwa, inda zan zauna gaba ta ɓangaren dama, kunnena na hagu na fuskantar malami. Da rana karatu, da yamma ina riƙe wa kawu lissafin shago.

Tsarin karatun zango shida ne, kowane zango kiredi 30, jimla 180. Shekarar farko kusan ta kowa ce: sassan jiki da aikinsu, shimi, lissafin ƙididdiga, tsafta, ladubban aiki. Daga ta biyu ake shiga ainihin sana'a, wato ilimin jini, ƙwayoyin bakteriya, tsutsotsi da ƙwayoyin da ke rayuwa a jikin mutum, garkuwar jiki, biyoshimi da ƙarin jini. Ta uku rabinta a asibiti ake yin ta, a ƙarshe a rubuta kundi a kare shi gaban malamai. Abin da ke kayar da ɗalibai ba haddar sunaye ba ne, lissafin sirki ne. Wanda bai iya fitar da ruwan kashi 3 cikin ɗari daga mai ƙarfi ba, ko ya rikita miligiram da milimol, zai sha wuya har ya gama. Duk mai niyyar shiga, ya koma wa lissafin nan tun yana hutu.

Darasin farko da ya canza mini tunani shi ne cewa yawancin ɓarnar gwaji na faruwa ne kafin jini ya kai kan na'ura. Robar ɗaure hannu in ta wuce minti guda, wasu awo sun fara canzawa. In aka ja jini da ƙarfi ta siririyar allura, ko aka girgiza kwalba, jajayen ƙwayoyi na fashewa, sai potasiyom ya hau alhali majinyaci lafiyarsa lau. Kwalba mai murfi shunayya ta ƙidayar jini ce, mai ja ta ruwan jini ce, mai toka-toka ta sukari ce domin sinadarin cikinta na hana ƙwayoyin jini cinye sukarin. In aka zuba jinin sukari a kwalbar da ba tasa ba aka ajiye, duk sa'a sukarin na raguwa, sai a sallami mai ciwon sukari da takarda mai kyau. Mai murfi shuɗi ta daskarewar jini ce, dole a cika ta daidai layi, kashi tara jini kashi ɗaya sinadari. Sunan majinyaci kuma a gabansa ake rubutawa, nan take, ba bayan an koma labo da kwalabe biyar a aljihu ba.

Gwajin masassarar cizon sauro shi ne tuwon yau da kullum na ɗan labo a ƙasar nan, don haka zan daɗe a kansa. Ana soke yatsa, a share ɗigon farko, a ɗora jini wuri biyu a gilashi. Ɗaya a baza shi da'ira kamar santimita guda, kaurinsa daidai yadda za ka iya hango rubutu ta ƙarƙashinsa. Ɗayan a ja shi siriri da bakin wani gilashin. Siririn ake tsomawa a metanol. Mai kaurin ba a taɓa shi da metanol, domin so ake jajayen ƙwayoyin su fashe cikin rini, ƙwayar cutar ta fito fili. A bar shi ya bushe a kwance, a rufe saboda ƙuda na lashe jinin. Zafi ma na kama shi kamar yadda metanol ke yi, don haka gilashin da aka manta a taga da rana a watan Afrilu ya tashi daga aiki. Rinin Giemsa in ana sauri kashi 10 cikin ɗari ne na minti 10 zuwa 15, in gilasai na da yawa kashi 3 na minti 45 zuwa 60, kuma kullum sabo ake haɗawa. Ruwan sirkin ya zama pH 7.2. In ya yi tsami komai sai ya fito ja, in ya yi kanwa komai shuɗi, a duka biyun ba ka rabe ƙwayar cuta da datti. Wanda ya ɗebo ruwan famfo ya sirka ya ce ai ruwa ruwa ne, shi ke ganin masassara a jinin kowa. Ba a cewa babu sai an duba fili aƙalla 100. In akwai, a ƙidaya ƙwayoyin cutar a gefen fararen ƙwayoyi 200, a ninka da 8,000, a raba da adadin fararen da aka ƙidaya, shi ne yawan cutar a mikrolita ɗaya. Wannan lambar ce ke nuna wa likita ko magani na ci in an sake gwaji.

Ɗan katin gwajin masassara na gaggawa da ake amfani da shi a ƙananan asibitoci, CSI, yana da amfani ƙwarai, musamman inda babu wuta, amma yana da halinsa. Ana karanta shi a lokacin da takardarsa ta ce, ba bayan an dawo daga salla ba. Kuma yana iya ci gaba da nuna akwai har makonni bayan mutum ya warke, domin furotin ɗin da yake kamawa na daɗewa a jini. Sau da yawa yaro na da wani ciwon daban, kati ya nuna layi biyu saboda masassarar watan jiya, a yi ta ba shi maganin da ba nasa ba.

Ranar da aka koya mana rinin Gram hannuna ya yi rawa, don shi ne rinin da na gani a mikroskop ɗin dattijo. Shunayya minti ɗaya, Lugol minti ɗaya, alkol ƴan daƙiƙoƙi, sannan jan rini. Duk sirrin na wurin alkol. In ya daɗe, ƙwayar da ya kamata ta riƙe shunayya sai ta saki ta koma ja, ɗan labo ya rubuta meningokok, irin ƙwayar da ta kwantar da ni, alhali nimokok ne, wata ƙwayar daban mai kawo sankarau. Lokacin annoba wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da irin waɗannan sakamakon hukuma ke sanin wace cuta ke yawo da kuma wace allura za a nemo. Ruwan da aka ɗebo daga gadon baya kuma ba a sa shi a firigo, sanyi na kashe ƙwayar. Cikin sa'a guda ake aikinsa, in kuma za a aika Yamai, kamar zuwa cibiyar binciken lafiya ta CERMES, a zuba a kwalbar da aka tanada don tafiya.

A sitaj na gane cewa asibiti ba aji ba ne. Na farko, harshe. Bahaushen da zai yi aiki a Yamai dole ya koyi Zabarmanci ko na gaisuwa da "miƙo hannu" da "ka ci abinci yau?", kamar yadda a arewacin Tawa ake buƙatar ɗan Buzanci da Fillanci. Na biyu, kunne. Tun ranar farko nake gaya wa shugaban labo halin da nake ciki, in roƙi a riƙa rubuta mini umarni, kuma duk sakamakon da zan bayar ta waya sai mai karɓa ya maimaita mini lambar. Daga baya na ga ana koyar da wannan a matsayin ƙa'ida ga kowa. Na uku, allura. Ba a mayar wa allura murfinta da hannu biyu, a nan ake sokewa. Wanda ya soke ya wanke da ruwa da sabulu, kada ya matse wurin, ya kai rahoto nan take, domin maganin kariya daga sida cikin sa'o'in farko ya fi aiki, bayan sa'a 72 ya makara, kuma kwana 28 ake shan sa. Na ga ɗaliban da suka ɓoye don tsoron faɗa. Faɗan manjo, shugaban sashe, na minti biyar ne.

Kundina a kan amosanin jini na rubuta shi, wanda a nan aka fi sani da emasi. Abin da ya ja ni shi ne yadda ake fassara gwajin Emmel. Ana haɗa ɗigon jini da metabisulfit kashi 2 cikin ɗari, sabon haɗi, a rufe da ƙaramin gilashi, a toshe gefuna don iska kada ta shiga, a jira a ga ko ƙwayoyin za su lanƙwashe. To, gwajin na nuna akwai ga mai AS da mai SS baki ɗaya, ba ya rabe mai ɗauke da iri da mai ciwon. Ba ya kuma ganin nau'in C, ba a dogara da shi ga jariri ɗan ƙasa da wata shida, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan. Mai son sanin matsayinsa kafin aure, elektiroforez zai yi, gwajin da ke rabe AS da SS. In AS ya auri AS, kowane ciki na da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in na farko ya zo da ciwon sauran ukun sun tsira ba. Na sha yin wannan bayani ga iyaye, kuma har yau ban ga wanda ya ji shi cikin sauƙi ba.

Na kare kundi a 2019, na ci jarrabawar ƙasa, aka tura ni bautar ƙasa wani asibitin gunduma a jihar Tawa. Baba ya zo daga Abijan a shekarar. Bai yi dogon magana ba. Ya riƙe takardar ya juya ta, ya ce: "To, Alhamdu lillahi. Kana iya duba mini sukari?" Na duba. Yana da shi, bai sani ba.

Aikin gunduma ya bambanta da na Yamai ta wurin abu uku: zafi, wuta da jini. Sinadaran gwaji tsakanin digiri 2 da 8 suke so, jakar jini tsakanin 2 da 6, a garin da bazara ke kai 45. Safe da yamma ake rubuta zafin firigo a takardar da ke manne a ƙofarsa, in wuta ta ɗauke ba a buɗe shi sai dole, kuma ba a sa ruwan sha a ciki ko na wane ne. Wannan ya jawo mini baƙin jini wurin abokan aiki fiye da komai. Ƙurar hunturu kuma na shiga idon mikroskop, dole a rufe shi duk lokacin da aka tashi, a share man da ke kan ido da takardarsa, ba da gefen riga ba.

Daga Agusta zuwa Oktoba ne ɗan labo ke sanin ko ya iya aiki. Yara na zuwa daga ƙauyuka, tafin hannu fari fat, masassara ta cinye jini, awon ƙarfin jini ya sauka ƙasa da giram 5. Maganin rigakafin da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 duk wata a damina ya taimaka, amma gadaje na cika. Jinin da za a ƙara yawanci daga dangi yake fitowa, kuma kowace jaka sai an tace ta daga sida, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Rukunin jini ta fuska biyu ake duba shi, ƙwayoyin majinyaci da ruwan gwaji, sannan ruwan jininsa da ƙwayoyin gwaji, kuma in da hali mutum biyu su duba kowa daban. Uba na tsaye a ƙofa yana cewa "Malam, don Allah ka yi sauri", kai ma kana jin kukan uwar, amma matakin da ka tsallake shi zai kashe yaron. Jaka in ta fita firigo, cikin minti 30 a fara sa ta, a gama kafin sa'a huɗu. Sai kuma abu mai nauyi: ka gwada kawun yaro ka ga ciwon hanta, dole ka ce jininsa ba zai yi ba, ba tare da ka tona shi gaban dangi ba. Nakan ce a kawo wani, shi kuma in ja shi gefe in haɗa shi da likita.

A 2021 kwalera ta shigo jihar. Nan ma lissafin sirkin nan ne ya yi aiki: ruwan kulor kashi 2 cikin ɗari na kashi da amai, 0.2 na ƙasa da gadaje, 0.05 na wanke hannu. Wanda ya rikita su ko ya ƙone hannun mutane ko ya bar cuta a raye.

Akwai abin da ba na ɓoye ra'ayina a kansa, gwajin Widal. Mutane sun ɗauka duk zazzaɓin da ya ƙi jin magani tifoyid ne, su zo da kansu su ce a yi musu. Gwaji ɗaya na Widal ba ya tabbatar da komai a ƙasar da mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar, har masassara na iya sa ya nuna akwai. Shuka jini a ga ƙwayar ta tsiro shi ne hujja. Sakamakon wannan ɗabi'a shi ne ana shan maganin kashe ƙwayoyi ba dalili, har su daina ji. Haka nan akan zo da roƙo a gyara takarda, musamman ta aure, wani lokaci daga mutumin da kake jin nauyinsa. Amsata ɗaya ce, in ce "Alhaji, ka yi haƙuri, hannuna ne a ƙasan takardar", in miƙe in raka shi ƙofa da girmamawa.

Maganar samun aiki kuwa, kada wanda zai shiga ya zaci takarda na fita matirikil, lambar zama ma'aikacin gwamnati, na biye. Bayan bautar ƙasa da yawa na zama ƴan kwantaragi, wasu su shiga kilinik masu zaman kansu, wasu ƙungiyoyin agaji, wasu su yi ta aikin sa kai suna jiran a buɗe ɗauka. Ni har yanzu kwantaragi nake, a wannan asibitin dai. Albashin na ciyar da gida, na ɗauke wa Inna tashin asuba, Baba ya daina zuwa Abijan, maganin sukarinsa na wuyana. Kunnen yana nan yadda yake. In na gaji ƙugin na ƙaruwa, kuma ba na hawa moto a titi mai cunkoso sai da madubi biyu, don ba na jin abin da ke tahowa ta dama. Ina tara kuɗin mastar a fannin ƙwayoyin bakteriya.

Ƙanwata ta ci bak bara, ta zaɓi karatun unguwarzoma. Na ba ta tambayoyin nan da aka ba ni ta zagaya da su makarantu, na ƙara mata ɗaya, ta tambayi haihuwa nawa ɗaliba ke karɓa da hannunta kafin ta fita. Kafin sitaj ɗinta na farko na gwada ta ciwon hanta nau'in B, ba ta da shi, na sa aka fara mata allurar rigakafi. Uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Ta yi biyu, saura ɗaya.